Teburin da Ba Shi da Uba: Tarihin Sunuka daga Barikin Soja zuwa Kwanyawa

Kafin Bahaushe ya ga teburin sunuka da idonsa, ya riga ya yi dakon abin da ake sassaƙa ƙwallayenta da shi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, fataken Hausawa suna kutsawa ƙasar Adamawa har su dangana da Banyo da Tibati, su sayo hauren giwa su kawo Kano. Daga nan Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma, a keta Sahara zuwa Tarabulus, jirgin ruwa ya kwashe zuwa Turai. Wani hauren kuma ya bi kogin Binuwai a jiragen kamfanonin Turawa. A can ana yin ƙotar wuƙa da shi, da mataji, da madannan fiyano, da ƙwallayen da masu hali ke bugawa da sanda a kan koren tebur. Haure guda ƙwallaye kaɗan yake bayarwa, don haka giwaye suka yi ta halaka, farashi ya yi ta hawa. Abin ya kai wani kamfanin tebura a birnin New York ya sa ladan dala 10,000 ga duk wanda ya samo madadin haure. A wajen neman wannan lada ne wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya haɗa ɗaya daga cikin robobin farko da masana'antu suka sarrafa, ya yi masa rajista a 1870.

Yau ƙwallon ta zo mana da kanta, kuma ba ta haure ba ce. Duk wanda ya bi ta Karaye ko Rogo, ko ya ratsa garuruwa irin su Kwanyawa bayan la'asar, ya san hoton: rumfar kwano, tebur ɗin katako da kafinta ya haɗa, koren ƙyallen da ya koɗe, guntun alli, da samari a kewaye suna jiran layi. Yawancin abin da muke kira sunuka ma ƙanenta ne da Amurkawa ke bugawa a ƙaramin tebur, mai ƙwallaye 15 da farar ƙwallo guda. Sunuka ta ainihi ƙwallaye 22 gare ta, teburinta kuma ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi. Sai dai sunan ya riga ya zauna, kuma ba shi ne abin damuwar ba. Abin lura shi ne wanda ba ya wurin. Za ka ga yara, za ka ga samari, amma da wuya ka ga mai furfura. Idan uba ya iso bakin teburin nan, to ya zo ne ya kama kunnen ɗansa.

A wasu ƙasashen kuwa, uba da ɗa a bakin tebur labari ne da ake shirya wa fim da wasan kwaikwayo na talabijin, mutane su zauna da iyalinsu su kalla. Tsohon gwani yana gyara wa yaro riƙon sanda, suna saɓawa suna shiryawa, har ranar da yaron zai fi shi. Mai kallo daga ƙasarmu zai iya cewa ai wannan al'adarsu ce. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A can ma teburin ya daɗe yana matattarar 'yan caca da marasa aikin yi, kuma an san lokacin da abin ya sauya, an san waɗanda suka sauya shi.

Wasanni uku da suka shigo tare

An ƙirƙiri sunuka a 1875 a garin Jabalpur na ƙasar Indiya, a ɗakin hutun hafsoshin sojan Ingila. Wani matashin hafsa, Neville Chamberlain, shi ne ya ƙara ƙwallaye masu launi a kan wani wasan tebur da suka saba yi. Kalmar da ta zama sunan wasan zolaya ce da sojoji ke yi wa ɗalibin da ya shiga makarantar horon hafsoshi a shekarar farko. Da Hausa sai mu ce kurtu. Wato tun asali sunan wasan yana nufin wanda bai iya ba, mai buƙatar a koya masa.

Sojojin da suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 hafsoshinsu 'yan wannan gidan ne. Su da jami'an mulkin da suka biyo bayansu sun zo da wasanninsu, kuma uku daga ciki sun ishe mu darasi, domin kowanne hanyar da ya bi daban.

Na farko shi ne ƙwallon dawaki, wato folo, wanda shi ma a Indiya Turawan Ingila suka tsince shi, a yankin Manipur. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ga wasan ya yi masa. Mutum ne mai dawaki, daga gidan da hawa ke cikin jini, sai ya sa aka yi fili a Katsina a farkon shekarun 1920, ya ɗora 'ya'yansa da fadawansa a kai. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi a 1944 ya yi mulki har 1981, ya kai maki bakwai a ma'aunin gwanintar 'yan folo na duniya, matakin da har yau ake buga misali da shi a Najeriya. 'Ya'yan Nagogo, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, su ma suka hau. A cikin zuriya uku, wasan baƙo ya zama gadon gidan Dikko, kuma babu wanda ya ce ɗan sarki ya lalace don an gan shi da sandar folo.

Na biyu shi ne Fives, ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Wani malamin makaranta Bature, Hogben, ya kawo shi a shekarun 1920, ya samu gindin zama a makarantu, musamman Kwalejin Katsina. Ɗaya daga cikin ɗaliban kwalejin, Ahmadu Bello, ya riƙe wasan har ya zama Firimiyan Jihar Arewa bai daina ba. Da sunansa ake gasar Kofin Sardauna. Wannan wasa makaranta ce ta zame masa uba.

Na uku shi ne teburin nan namu. Shi bai fita fili ba, bai shiga makaranta ba. Babban tebur na ainihi shimfiɗarsa faffaɗan dutse ne da ake jerawa gida biyar, nauyinsa ya kai tan guda, don haka inda aka girke shi nan yake zama. An girke shi kuwa a kulob ɗin Turawa da ɗakin hutun hafsoshi, kusa da kantar giya, wurin da ɗan ƙasa ba ya shiga sai in shi ne boyi ko mai goge tebur. Bayan samun mulkin kai manyan ma'aikata da sojoji suka gaji kulob ɗin. Daga nan ƙaramin teburin ya gangara otal-otal da mashaya, ya zauna a unguwannin baƙi, kafin kafintoci su kwaikwayi ƙirarsa su fito da shi bakin titi. Ya iso hannun talaka ta ƙofar baya, da warin inda ya kwana a jikinsa. Babu sarkin da ya ce nasa ne, babu makarantar da ta sa shi a jadawali. Yaro ya koya daga yaro.

Iyayen da suka tsaya a bakin tebur

A Turai da Amurka ma sunan teburin bai da kyau a farkon ƙarni na 20. Mutanen Ingila suna da wata magana da ke nufin duk wanda ya ƙware a wannan wasa, to ya ɓata ƙuruciyarsa ne. Amma idan aka bi tarihin manyan gwanayen, sai a yi ta cin karo da uba a tsaye a bayansu.

A Ostireliya akwai gidan Lindrum. Walter Lindrum, wanda aka haifa a 1898, ya rasa kan ɗan yatsansa na dama yana ƙarami. Ubansa Frederick, wanda shi ma zakara ne a ƙasar, bai ce shi ke nan ba. Ya mayar da shi bahago, ya sa shi atisaye na sa'o'i masu yawa kullum. A 1932 a Landan, Walter ya ci maki 4,137 a hawa guda ba tare da ya ba abokin karawarsa tebur ba, a wasan da ake bugawa da ƙwallaye uku. Gwanintarsa ta sa sai da aka sauya dokokin wasan. Ɗan 'yar'uwarsa, Horace, shi ma ya zama zakaran duniya. Wannan ko a Hausa sunansa gado.

Labarin Willie Mosconi na Amurka ya fi kama da namu. An haife shi a 1913 a birnin Philadelphia, ubansa yana da gidan wasan tebur, amma ba ya so ɗansa ya taɓa sanda, har yakan kulle ƙwallayen. Yaron sai ya riƙa ɗauko dankali daga madafar uwarsa, ya samu sandar tsintsiya, ya yi ta bugawa. Da uban ya ga abin ya fi ƙarfin hani, sai ya juya ya zama mai shirya masa wasa. Yana ɗan shekara shida aka haɗa shi da zakaran duniya na lokacin, Ralph Greenleaf, jama'a suka taru kallo. A 1954 Mosconi ya jefa ƙwallaye 526 a jere ba kuskure, bajintar da ta haura shekara 60 ba a karya ba. Shi ne kuma ya koya wa jarumi Paul Newman riƙon sanda a fim ɗin The Hustler na 1961, fim ɗin da ya sa Amurkawa suka koma wa teburin da suka fara mantawa da shi.

A Ingila akwai Steve Davis, wanda aka haifa a Landan a 1957. Ubansa Bill ba gwani ba ne, ma'aikaci ne da ke bugawa a kulob ɗin ma'aikata na unguwarsu. Ya kai ɗansa wurin yana ɗan shekara 12, ya ba shi littafin koyon wasan da tsohon zakara Joe Davis ya rubuta, suka riƙa bin sa shafi-shafi, uban yana tsaye yana duba ko gwiwar hannun yaron ta karkace. Steve ya ci kofin duniya sau shida tsakanin 1981 da 1989. Uban ya rasu a 2016, kuma a shekarar ne ɗan ya ajiye sanda.

Babu ɗaya daga cikin iyayen nan da ya ƙirƙiri sabon bugu. Abin da suka kawo shi ne lokaci, da doka, da ido. Yaron da babba ke kallo ba ya sa kuɗin makarantarsa a kan ƙwallo ɗaya, kuma yana da wanda zai ce masa ya isa haka, tafi gida.

Ranar da tebur ya shiga falo

Iyaye ƙalilan ba su isa su wanke sunan wasa a idon ƙasa guda ba. Wannan aikin akwatin talabijin ne ya yi shi. Da Joe Davis ya ci gasar duniya ta farko a 1927, fam shida da sule goma aka ba shi. Zuwa shekarun 1950 wasan ya yi sanyi, har aka yi shekaru ba a yi gasar ba.

A 1967 tasha ta biyu ta BBC ta fara watsa shirye-shirye masu kala, shugabanta a lokacin kuwa shi ne David Attenborough, wanda duniya ta fi sani da shirye-shiryen namun daji. Ana neman shiri mai araha da zai nuna wa mutane amfanin sabon akwatin. Sunuka ta dace: koren tebur, jajayen ƙwallaye, da rawaya da shuɗiya da baƙa, duk a cikin ɗaki ɗaya da kyamara za ta iya ɗauka ba wahala. A watan Yulin 1969 aka fara shirin Pot Black. 'Yan wasan suna sanye da kwat da laƙabin wuya, suna gaisawa, mai sharhi yana magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin karatu. Tsofaffi da matan gida da ba su taɓa leƙa gidan wasa ba suka ga mutane masu natsuwa suna lissafi da sanda.

A 1977 aka mayar da gasar duniya wani ɗakin wasan kwaikwayo da ke birnin Sheffield, inda take har yanzu. A 1983 BBC ta yi wasan kwaikwayo mai suna Give Us a Break, a kan wani matashin gwani da mai kula da shi. A 1985 wasan ƙarshe tsakanin Steve Davis da Dennis Taylor ya kai ga baƙar ƙwallo ta ƙarshe, bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18 da rabi suna zaune suna kallo, kusan sulusin mutanen ƙasar. Taylor ya ci da 18 da 17. Shekara 16 kacal tsakanin shirin farko da wannan dare. Yaron da ya ce wa ubansa yana so ya zama ɗan sunuka a 1986 yana da abin da zai nuna masa a akwati.

Ƙasar Sin ta maimaita wannan a gabanmu. A shekarun 1980 teburan sun cika bakin titunanta, a ƙarƙashin rumfuna, kuma kallon 'yan iska ake yi wa masu bugawa. Ding Junhui, wanda aka haifa a 1987 a garin Yixing, ya fara wasa yana ɗan shekara takwas. Ubansa ya sayar da gidansu, ya kwashi iyali zuwa Dongguan da ke kudu inda gwanaye suke, yaron ya bar makaranta. A 2005, yana cika shekara 18, Ding ya doke Stephen Hendry a wasan ƙarshe na wata babbar gasa a Beijing, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 110 ne suka kalla a talabijin. Bayan wannan aka buɗe makarantun koyon wasan, iyaye suka fara kai 'ya'yansu da kansu.

Labarin Sin yana da ɗaya gefen, kuma shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Uban Ding ya yi kasada da gida da karatun ɗansa, ya ci. Waɗanda suka yi irin ta suka faɗi ba a shirya musu fim. Sannan a watan Yunin 2023 hukumar wasan ta duniya ta dakatar da 'yan wasan Sin goma saboda sayar da wasa da caca, biyu daga ciki har abada. Yawancinsu matasa ne da ke zaune a Ingila, nesa da iyayensu, a hannun waɗanda suka girme su. Ɗaya daga cikin goman, Zhao Xintong, an dakatar da shi wata 20. Ya dawo, a watan Mayun 2025 ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kofin duniya, ya karɓi fam 500,000. Tebur ɗaya ne ya ba shi kofin, shi ne kuma ya kusa halaka shi. Don haka uban da ke Kwanyawa da ya ga tebur ya ga caca ba mafarki yake yi ba.

Gado, da uban da ke allonmu

Bahaushe ba baƙo ba ne ga koyo a hannun uba. Ƙira, da jima, da wanzanci, da fawa, da su, da kiɗa, duk a kan gado suka tsayu, har muna bambanta ɗan gado da ɗan haye. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Ko wasa mai hatsari kamar dambe yana da wannan tsarin. Asalinsa na mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Yaro yana tashi ya ga ana naɗa wa na gaba da shi zare a hannu, akwai sarkin dambe, akwai mai raba gardama, akwai makaɗi irin Ɗan Anace da ya ɗaukaka su Shago da Ɗandunawa. Dambe yana karya haƙori, sunuka ba ta karya komai. Amma dambe yana da manya a fili, shi ya sa ya rayu har ya kai ga kyamarorin YouTube da gasa mai kofi.

Sai dai koyarwar uba a wurinmu ba irin ta fim ɗin Turawa ba ce. Akwai kunya. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya zama suna hira kamar abokai. Maƙeri ba ya yi wa ɗansa lacca. Yana ba shi zuga-zugi ne ya yi shekaru yana zuga, yana kallo, ranar da aka miƙa masa masaba ya san ya kai. Sau da yawa ma baffa ko kawu ko aminin uba ake miƙa wa yaro, uban ya koma gefe yana tambaya a kaikaice. Duk mai son rubuta labarin uba da ɗa da Hausa, a cikin wannan shirun zai same shi.

Adabinmu ya taɓa yin sa. A littafi na uku na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, aku ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana da zama da sarakuna. Gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran littafin wasan kwaikwayo a shekarun 1980, da Kasimu Yero a cikin 'yan wasa. Tun da aka buɗe talabijin a Kaduna a 1962, wasan kwaikwayo shi ne abin da ya fi tara mana jama'a. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya shigar da mu barikin soja muka yi dariya da shi. Kuliya Manta Sabo ya kai mu kotu. Karkuzu ya yi tashe daga Jos. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990 aka shiga zamanin kaset. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, Daɗin Kowa ya kawo zancen shaye-shaye da gudun hijira da almajirci cikin falo, Kwana Casa'in ya ɗauki siyasa, Gidan Badamasi ya nuna tsohon attajiri da tarin 'ya'yan da suka zuba wa dukiyarsa ido.

Idan aka dubi iyaye mazan da suka fi zama a zukatan masu kallo, za a ga mai yanke hukunci, da mai hana aure ko tilasta shi, da mai dukiyar da ake jira, da talakan da nauyi ya fi ƙarfinsa. Uban da ke koya wa ɗansa wani abu da hannu, a maƙera ko a gona ko a filin wasa, shi ne ya yi ƙaranci, alhali shi ne uban da yawancinmu muka sani. Wurin taruwar samari kuwa, in kyamara ta leƙa shi, galibi don a nuna inda yaro ya fara lalacewa ne. Abin da allo ya yi wa tebur a Ingila, akasinsa yake yi masa a nan.

Wanda ke koyarwa yanzu

Yankin Karaye da Rogo ƙasar noma ce, ta masara da dawa da rake. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta ƙara kamun kifi da noman rani, amma ba kowane gida ke da fadama ba. Idan aka gama girbi, wasu samarin su tafi cirani Kano ko Kaduna ko Abuja, waɗanda suka rage kuma suna da yini guda a hannu ba abin yi. A da wannan lokacin na dambe ne da kokawa da langa, da dara a gindin bishiya inda dattawa ke zaune. Yanzu na tebur ne da waya.

Tsarin teburin mai sauƙi ne. Mai tebur yana karɓar kuɗin kowane wasa, kuma al'adar da aka saba ita ce wanda aka ci shi ke biya. Daga nan zuwa a ce mu ɗora wani abu a kai taki ɗaya ne, kuma a nan ne ƙorafin iyaye da malamai yake da tushe, domin haramcin caca ba abin jayayya ba ne. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma a watan Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a birni. Ana iya rufe shago, ana iya ɗauke tebur a mota. Abin da ke aljihun yaro ne ba a iya ɗaukewa.

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Wasan 8 Ball Pool na kamfanin Miniclip yana cikin wayoyin ɗaruruwan miliyoyin mutane. Kafin ka buga da wani sai ka ajiye sulallan wasan, wanda ya ci ya kwashe duka, in naka sun ƙare a nuna maka inda za ka saya ko tallan da za ka kalla. Sulallan ba kuɗin gaske ba ne, amma ɗabi'ar da suke koyarwa ta gaske ce: wasa ba ya daɗi sai an ɗora wani abu. Masu gina irin waɗannan manhajoji suna auna minti nawa ka yi, a wane mataki ka gaji ka fita, me zai dawo da kai gobe. Suna yi wa yaro irin kallon da Bill Davis ya yi wa ɗansa, ba ƙiftawa, sai dai su ba gyaran hannunsa ne ya dame su ba. Yaron da muka ce ba shi da mai koya masa, yana da shi.

Wasan kansa kuwa babu abin ƙi a cikinsa. Lissafin kusurwa ne, da sanin ƙarfin hannu, da tunanin inda farar ƙwallo za ta tsaya bayan bugu biyu ko uku. Yana hukunta mai gaggawa nan take. Ɗalibin da ya kasa gane darasin kusurwa a allo yakan nuna shi daidai a kan tebur bai san sunansa ba. Abin da ya rasa shi ne abin da folo ya samu a Katsina shekara ɗari da suka wuce, wato babba da zai ce wannan nawa ne, ga dokarsa, ga lokacinsa, kuma ba a ɗora ko sisi. Masarautar Karaye, wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Makarantun sakandare suna da malaman lissafi. Kowane tebur yana da mai shi, kuma yawancinsu za su fi son gasa mai kofi da rana tsaka a kan fargabar ranar da za a zo a ɗauke musu jari.

Marubutanmu kuma suna da labari a ajiye. Manomin rake ne a Rogo, ko masunci a bakin Challawa, da ɗan fari wanda ba ya iya kiran sunansa. An ce masa yaron ya fi kowa a teburin kasuwa. Ya hana, ya yi faɗa, ya aika ƙanensa ya ja masa kunne. Wata rana ya bi ta wurin kamar mai wucewa, ya tsaya daga nesa a bayan mai shayi, ya ga yadda yaron ke zagaya tebur yana auna bugu, irin yadda shi yake auna ruwa kafin ya jefa taru. Bai ce komai ba. Da daddare ya tambayi uwar yaron nawa ake sayar da sandar kirki, ya kuma ce ta gaya wa wancan yaron, in ya ji an ɗora kuɗi a wasansa, ranar zai karya ta. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe zai gane wannan uban, kuma akwai iyaye da yawa da za su zauna su kalle shi tare da 'ya'yansu.